Yadda Ake Zaɓen Faya-fayen Herbert von Karajan Mafi Kyau

Duk wanda ya rubuta sunan Herbert von Karajan a manhajar sauraron kiɗa ta wayarsa zai ga abin da zai ruɗa shi. Faya-fayai ne ɗaruruwa, kusan kowanne da hoton mutum ɗaya: furfura tas, idanu a rufe, siririyar sanda a hannu. Kiɗa guda sai ka same shi sau uku ko huɗu, duk da sunansa a kai. Mutumin ya fara shiga ɗakin ɗaukar sauti a 1938, bai daina ba sai watanni uku kafin mutuwarsa a Yulin 1989. Shekara hamsin ke nan. A cikin wannan tarin akwai abin da ya kai a saurara har ƙarshen rayuwa, akwai kuma wanda idan ka fara da shi za ka ce me ake yabo a nan.

Karajan madugun makaɗa ne, haifaffen Salzburg a ƙasar Ostiriya a 1908. Madugu ba ya kaɗa komai da hannunsa. Yana tsaye ne gaban mutum tamanin ko ɗari, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu kakaki, masu tambura, shi ke yanke saurin tafiya, shi ke cewa wane ɓangare zai fito wane zai lafa, inda za a ja numfashi da inda za a danna. Shi ya sa kiɗan da Beethoven ya rubuta sau ɗaya yake fitowa da fuska daban a hannun kowane madugu, har ma a hannun madugu ɗaya idan shekaru sun ja. A kan Karajan wannan maganar ta fi ƙarfi, domin na 1962 da na 1984 kamar mutum biyu ne. Saboda haka sunan da ke bangon faifai ba ya isa. Shekarar ɗauka, da ƙungiyar da ta kaɗa, da zauren da aka yi aikin, su za ka riƙa bi.

Matakin farko shi ne ka riƙe zamunan aikinsa a ka, don su ne taswirarka.

Zamani na farko ya ƙunshi abin da ya ɗauka a Jamus lokacin mulkin Hitler da kuma shekarun da suka biyo bayan yaƙi. Karajan ya shiga jam'iyyar Nazi a shekarun 1930, kuma bayan yaƙin an hana shi tsayawa gaban jama'a har zuwa 1947. Wannan tabo ne da ya bi shi har kabari, kuma ya dace mai sauraro ya san da shi tun kafin ya fara. A cikin wancan lokaci na hani ne Walter Legge na kamfanin EMI ya zo Biyana, babban birnin Ostiriya, ya fara ɗaukarsa tare da makaɗan birnin. Sautin waɗannan faya-fayai tsoho ne, akwai shuu a bayansa, don haka ba da su sabon shiga zai fara ba. Amma ka ajiye sunan guda ɗaya don gaba: Metamorphosen na Richard Strauss, ɗaukar 1947, kiɗan makoki na masu goge 23 da Strauss ya rubuta a 1945 yana kallon biranen ƙasarsa sun zama kufai. Waɗanda suka kaɗa shi a Biyana suna zaune ne cikin irin wannan kufai, kuma ana jin haka.

Zamani na biyu na Landan ne, yawancin shekarun 1950, tare da ƙungiyar Philharmonia wadda Legge ya kafa a 1945. Nan za ka ji Karajan mara nauyin jiki, mai kuzari, kiɗa yana tafiya sumul. Na uku ya fara bayan ya gaji Wilhelm Furtwängler a shugabancin makaɗan Balin a 1955, ya kuma ƙulla da kamfanin Deutsche Grammophon mai tambarin ruwan ɗorawa. Shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, a wajena, su ne ganiyarsa. Na huɗu shi ne shekarun 1980, zamanin ɗauka ta dijital, lokacin tsufa da ciwon baya da rigima tsakaninsa da makaɗan Balin, har ya karkata zuwa Biyana ya ajiye muƙaminsa na Balin a Afrilun 1989. Wannan zamani na ƙarshe shi ya fi cika manhajoji da shaguna, shi ne kuma ya fi buƙatar taka-tsantsan.

Mataki na biyu: zaɓi kiɗa guda ɗaya, kada ka fara da babban akwati mai faifai tamanin, kada kuma ka fara da tarin guntaye masu sanyi da ake haɗawa a faifai ɗaya a sa masa suna Adagio. Irin wannan tarin yanke-yanke ne daga ayyuka daban-daban, ba zai nuna maka yadda mutumin yake gina kiɗa daga tushe zuwa kai ba, alhali nan gwanintarsa take. Ɗauki simfoni ɗaya cikakke, wato dogon kiɗa na ƙungiyar makaɗa gaba ɗaya, wanda galibi kashi huɗu ne. Na biyar na Beethoven ya dace da farawa, don bai fi minti talatin da 'yan kai ba, kuma kusan kowa ya taɓa jin bugun nan huɗu na farkonsa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami: gano ainihin shekarar da aka ɗauki abin da kake ji.

Karajan ya ɗauki simfoni tara na Beethoven gaba ɗaya har sau huɗu a faifan sauti. Da Philharmonia tsakanin 1951 da 1955, sannan da makaɗan Balin sau uku: 1961 zuwa 1962, 1975 zuwa 1977, da 1982 zuwa 1984. Matsalar ita ce shekarar da manhaja ke nuna maka a ƙarƙashin hoto sau da yawa shekarar sake fitarwa ce. Za ka ga an rubuta 1995 ko 2014 a kan aikin da aka yi tun 1962. Na taɓa ƙona data mai yawa na sauke cikakken jerin Beethoven ina tsammanin shi ne wanda aka yaba mini, na yi sati biyu ina sauraro ina jin sautin da kaifi kamar gilashi, sai daga baya na gane na 1980 da wani abu na ɗauko. Daga ranar na koyi dubawa.

Ga yadda ake yi. Gangara ƙasan jerin waƙoƙin, nemi ƙaramin harafin P da ke cikin da'ira. Shekarar da ke gefensa ita ce ta fara fitar da wannan sautin, galibi shekara ɗaya bayan ɗauka. Jerin 1961 zuwa 1962 zai nuna 1963, na tsakiya 1977. Idan nan ma an sa shekarar gyaran sauti, to koma simfoni na tara ka karanta sunayen mawaƙa huɗu, domin su ba sa ƙarya. Idan ka ga Elisabeth Schwarzkopf da Otto Edelmann tare da Philharmonia, na 1955 ne. Gundula Janowitz da Walter Berry, na 1962. Anna Tomowa-Sintow da Peter Schreier, jerin 1977. Janet Perry da Vinson Cole, na zamanin dijital. Ga sauran ayyuka, shafin Discogs yana nuna hoton bayan bango, inda ake rubuta wata da shekara da wurin ɗauka. Abin da aka ɗora a YouTube ba shekara ba sunan ƙungiya, ka saurara don nishaɗi, amma kada ka yanke hukunci da shi.

Ka lura da sunan ƙungiya yadda ake rubuta shi a bango: Berliner Philharmoniker su ne na Balin, Wiener Philharmoniker na Biyana. Sannan duba zaure. Idan ka ga Jesus-Christus-Kirche, wani coci ne a unguwar Dahlem ta Balin inda aka yi yawancin ayyukan shekarun 1960. Sautin wurin yana da fili da ɗumi, goge yana numfashi, ƙarar kakaki tana tashi ta bazu ba ta soki kunne ba. Daga shekarun 1970 aikin ya koma Philharmonie, zauren makaɗan Balin da aka buɗe a 1963, inda aka riƙa baza makirufo da yawa kusa da makaɗa, injiniya yana ɗaga wannan yana rage wancan. Sakamakon wani lokaci yana da ƙarfi ƙwarai, wani lokaci kuma sai ka ji sarewa ɗaya ta taso gabanka kamar ta fi mutum sittin ƙara. Ni dai idan na ga sunan cocin nan a bayan faifai, hankalina yana kwanciya tun kafin na danna.

Mataki na huɗu gajere ne. A faifan CD akwai haruffa uku: ADD ko AAD na nufin an ɗauka a tef na da, DDD kuma dijital ne tun daga farko. Kada DDD ta ruɗe ka. Karajan mutum ne mai son sabuwar fasaha, yana cikin waɗanda suka tsaya tare da shugaban Sony, Akio Morita, a Salzburg a 1981 suka gabatar wa duniya faifan CD, kuma hakan ya sa ya sake ɗaukar ayyuka da yawa don kawai a same su a sabon tsari. Dijital ɗin farko yana da kaifi da bushewa. Idan aikin shekarun 1980 kake so, nemi fitowar da ake kira Karajan Gold, wadda aka sake daidaita sautinta. Na shekarun 1960 da 1970 kuma nemi jerin The Originals. Ayyukan EMI yanzu suna ƙarƙashin Warner Classics, don haka idan ka ga wannan suna a kan faifan Philharmonia, shi ne dai.

Mataki na biyar, gwaji da kunnenka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shirya wurin tukuna. Lasifikar waya ba za ta yi ba, domin tana haɗiye manyan goge masu kauri, kuma a kansu Karajan yake ɗora ginin sautinsa. Sa abin sauraro na kunne, ko da mai sauƙin kuɗi ne. Shiga saitin manhaja ka kashe abin da ke daidaita ƙarar sauti da kansa, ka ɗaga ingancin sauti zuwa sama, ka sauke faifan lokacin da kake da intanet mai arha. Wannan kiɗa yana sauka ƙasa har kamar raɗa sannan ya tashi kamar aradu, saboda haka dare ya fi, bayan janareto ya yi shiru. Kuma idan za ka gwada faifai biyu, daidaita ƙararsu da hannunka, domin kunne yakan ɗauka wanda ya fi ƙara shi ya fi kyau.

Yanzu buɗe simfoni na biyar, kashi na uku, ka tsallaka zuwa minti ɗaya da rabi na ƙarshensa. Komai zai lafa. Masu goge za su riƙe sauti ɗaya a hankali, tambari yana bugawa can ƙasa kamar bugun zuciyar mai barci. Sai ƙananan goge su fara lallaɓawa sama, taki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ƙofa a duhu. Cikin 'yan daƙiƙu ƙarar za ta kumbura, sai kashi na huɗu ya fashe da kakaki gaba ɗaya. Saurari wannan wuri a ɗaukar 1962, ka koma ka ji shi a ta 1977, sannan ta zamanin dijital. Tambayi kanka abu uku. Shin tambarin yana fitowa bugu-bugu, ko ya narke cikin sauran? Kumburin ya zo maka a hankali har ka riƙe numfashi, ko an yi maka shi farat ɗaya? Da fashewar ta zo, kana iya jin masu goge a ƙarƙashin kakaki, ko sun nutse? A kunnena ta 1962 ce ke da yunwa, kana jin mutane suna kaɗawa kamar yau ne kaɗai damarsu. Ta 1977 ta fi nauyi da sheƙi, kuma akwai masu fifita ta da hujja mai kyau. Ta ƙarshe ba ta ƙara komai a kan biyun ba.

Kada ka ɗauka jeri ɗaya ya cinye ko'ina. Simfoni na shida a jerin 1962 yana da gaggawa, kiɗan da ya kamata ya yi tafiyar mai yawo a karkara sai ya zama na mai sauri ya kama mota. A nan na 1977 ya fi, kuma ɗaukar Karl Böhm da makaɗan Biyana ta 1971 ta fi su duka natsuwa. Manhaja ta ba ka damar tsinto kowane simfoni daga inda ya fi kyau, ka yi amfani da ita.

Mataki na shida shi ne sanin gonar da ta karɓe shi. Sautin Karajan mai kauri ne, mai santsi, layi yana shiga layi ba a jin gaɓa. Wannan salo yana yi wa wasu mawallafa kyau matuƙa, wasu kuma yana danne su.

Richard Strauss ne gidansa. Fara da Vier letzte Lieder, waƙoƙi huɗu na ƙarshe, tare da Gundula Janowitz, ɗaukar 1973. A waƙa ta uku akwai inda muryar take yin shiru, goge ɗaya tilo ya ɗauki zancen ya hau da shi sama a hankali, sannan muryar ta dawo ta bi sawunsa daidai inda ya bi. Janowitz tana shigowa ba tare da ka ji inda goge ya tsaya ita ta fara ba. Na saurari wannan wuri ban san adadi ba, har yau sai na ajiye abin da ke hannuna. Also sprach Zarathustra na shekarar 1973 shi ma yana sahun gaba. Daga nan La mer na Debussy, ɗaukar 1964, wanda yake nuna cewa makaɗan Jamus suna iya yin laushi kamar hasken safiya a kan ruwa. Sai simfoni na biyar na Prokofiev da kiɗan babban goge na Dvořák tare da Mstislav Rostropovich, dukansu na 1968. Simfoni na huɗu zuwa na bakwai na Sibelius daga shekarun 1960. Na goma na Shostakovich, ɗaukar 1966, wanda ya kai shi har Mosko a 1969 ya kaɗa a gaban mai shi. Idan kunnenka ya ƙware, akwai tarin Schoenberg da Berg da Webern na 1972 zuwa 1974, kiɗa mai wuyar shiga wanda ya sa masa kyau irin wanda mutane ba su san yana da shi ba.

A ɓangaren ofera, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, da tsohuwar zuma ake magani. Der Rosenkavalier na 1956 da Schwarzkopf da Christa Ludwig ya fi wanda ya sake yi a shekarun 1980 rai nesa ba kusa ba. Falstaff na Verdi da Tito Gobbi, shi ma 1956. La bohème na Puccini da Mirella Freni da Luciano Pavarotti, 1972, a kamfanin Decca, kuma a cocin nan na Dahlem aka ɗauke shi. A oferorinsa na baya-baya yakan bar makaɗa su rufe muryar mawaƙa, ka yi ta murɗa ƙara sama da ƙasa.

Inda zan ce ka wuce shi kai tsaye shi ne Bach da Vivaldi da Handel. Kiɗan wancan zamani an rubuta shi ne don 'yan mutane kaɗan masu sauƙin ƙafa, shi kuwa yana lulluɓe shi da bargo mai nauyi. Nemi irin su Nikolaus Harnoncourt ko Trevor Pinnock. Mozart da Haydn nasa ma ka gwada kafin ka saya. Haka kuma manyan sunaye a bango ba hujja ba ne: a 1969 an haɗa shi da David Oistrakh da Sviatoslav Richter da Rostropovich a kiɗan Beethoven na makaɗa uku, taron da ba a cika samun irinsa ba, amma Richter da kansa ya faɗa daga baya cewa bai gamsu da faifan ba.

Mataki na bakwai: nemi abin da aka ɗauka a gaban jama'a. Ana yawan zargin Karajan da cewa a ɗakin ɗauka yana goge kiɗa har ya rasa gumi. A gaban masu kallo wani mutum ne daban. Babban misali shi ne simfoni na tara na Gustav Mahler. Ya ɗauke shi a ɗaki tsakanin 1979 da 1980, sannan aka sake ɗauka kai tsaye a bikin kiɗa na Balin a Satumbar 1982, kuma wannan na biyun ne mujallar Gramophone ta ba kyautar faifan shekara a 1984. Duka biyun suna manhaja da bango mai tambari iri ɗaya, don haka duba shekarar da kyau. Kashin ƙarshe ya haura minti 25, kuma a shafinsa na ƙarshe masu goge kaɗai suka rage, suna jan sauti siriri, su tsaya, su sake ja, har ka kasa gane inda kiɗa ya ƙare shiru ya fara. Wannan faifai dijital ne na shekarun 1980, kuma yana cikin mafi girman abin da ya bari, saboda haka gargaɗin da na yi kan wancan zamani ba ya nufin a yi watsi da shi duka. Bikin sabuwar shekara na Biyana na 1987 shi ma yana nan, da mawaƙiya Kathleen Battle, ga mai son ya ga tsohon yana murmushi da kiɗan rawa na iyalan Johann Strauss, ba Richard ba.

Mataki na takwas, kafin ka ce wannan ne mafi kyau, ka ji aikin a hannun wani madugu ko da sau ɗaya. Ajiye Beethoven na biyar na Karajan kusa da na Carlos Kleiber da makaɗan Biyana na 1974. Ajiye Beethoven na tara kusa da na Furtwängler a Bayreuth a 1951. Wataƙila ka dawo wajen Karajan, wataƙila ka tafi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ko yaya ta kaya, daga nan za ka fara gane abin da yake nasa a cikin kiɗan da abin da yake na Beethoven. Ka riƙa rubuta abin da ka ji a ɗan littafi ko a waya: sunan aiki, shekara, ƙungiya, da layi ɗaya na ra'ayinka. Bayan wata uku ka sake saurara ka duba ko kana nan a kan bakanka.

Idan kana son tsarin farawa, ga wanda nake ba abokai. Satin farko Beethoven na biyar, 1962. Na biyu Dvořák da Rostropovich, don babban goge yana kusa da muryar mutum, yana saurin shiga zuciya. Na uku La mer. Na huɗu waƙoƙin Strauss da Janowitz, ka nemi fassarar baitocin ka ajiye a gefe. Bayan su Mahler na 1982, a daren da ba ka da wani aiki da sassafe, domin ya haura awa ɗaya da minti ashirin.

Bruckner ka bar shi ƙarshe. Simfoni na takwas da makaɗan Biyana, 1988, da na bakwai wanda aka ɗauka a Afrilun 1989, shi ne aikinsa na ƙarshe a faifai. Akwai wasu na bakwai guda biyu da ya yi da makaɗan Balin a shekarun 1970, don haka tabbatar ka ga Wiener Philharmoniker a bango. A wannan na ƙarshen sheƙin nan da aka san shi da shi ya ragu, sautin ya yi sauƙi, kamar mutumin da ya daina ƙoƙarin burge kowa. Ka saurari kashi na biyu har ƙarshensa, inda wasu kakaki huɗu masu murya mai duhu suke shigowa da makokin da Bruckner ya rubuta da ya ji labarin mutuwar Wagner, mawallafin ofera na Jamus. Kada ka taɓa maɓallin ƙara a wurin, ka bar shi yadda ka saita tun farko.